Yadda Ake Tantance Shawarar Afiliyet Maketin A Intanet Kafin Ka Tura Wa Wani Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa neman "yadda ake samun kuɗi a onlayin" a YouTube ko TikTok, ko sau ɗaya ne, ya san abin da ke biyo baya. Washegari kana buɗe Facebook talla ce za ta dinga binka, wani yaro ya jingina da mota yana cewa ya haɗa miliyan biyu a wata ɗaya da wayarsa kawai, wai ka danna nan ka shiga aji kyauta. Toh ita dai sana'ar afiliyet gaskiya ce, dillanci ne zalla: kamfani ya baka link naka na kanka, ka kawo mai saye, in ciniki ya faɗa a baka la'adarka. Amazon tun 1996 take da wannan tsarin, ClickBank tun 1998, nan gida Najeriya kuma akwai irin su Selar da Expertnaire da Stakecut, Jumia da Konga ma sun buɗe nasu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin masu koyar da sana'ar su ma dillalai ne, kuma kai sabon shiga kai ne kwastoman da suke nema. A Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, in dillali yace maka wannan wayar ta fi waccan, kana sauraronsa amma kana sane cewa yana da kasonsa a ciki, don haka sai ka kunna wayar ka duba batir ka duba kyamara da kanka. A intanet kuwa dillalin yana zuwa ne a matsayin malami ko "mento", shi yasa mutane suke sakin jiki. Ga yadda zaka bi ka tace maganarsa.

Mataki na farko: bi sawun kuɗin

Kafin ka tambayi ko shawarar daidai ce, fara tambayar kanka: in na bi maganar mutumin nan, me zai shiga aljihunsa? Amsar tana nan a cikin link ɗin da ya ajiye ƙasan bidiyo ko cikin rubutun. A waya ka danne link ɗin ka riƙe har cikakken adireshin ya fito, ko ka kwafe shi ka liƙa a wurin rubutu ka karanta a tsanake. In ka ga "tag=" a link ɗin Amazon, ko amzn.to, ko hop.clickbank.net, ko wani "ref=" ko "aff=" da suna ko lamba a gaba, to galibi la'ada yake ci. In an gajarta link ɗin da bit.ly, buɗe shi ka kalli adireshin da ya sauke ka a kai.

Cin la'ada ba laifi bane, ai shi kai ma kazo koya. Abin dubawa shi ne ya faɗa ko ya ɓoye? A Amurka hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta wajabta wa mai talla ya bayyana alaƙarsa da abin da yake yabo, tun 2009 ta shigar da masu rubutu a intanet cikin ƙa'idar, ta kuma sabunta ta a 2023. Amazon ita ma ta sharɗanta wa dillalanta su rubuta a fili cewa suna samun kuɗi in an saya ta hannunsu. Don haka wanda ya cika shafinsa da link bai ce uffan ba, ko bai san dokar sana'ar da yake koyarwa ba, ko ya sani ya take, kuma duka biyun ba alamar alheri bace.

Misali ɗaya da zaka yi ta cin karo da shi: kusan duk rubutun Turanci na "yadda ake fara afiliyet" sai ya kai ka ga cewa ka sayi hostin, wato hayar wurin da za'a ɗora maka gidan yanar gizo, kuma sunayen kamfanonin da ake ambata basu wuce uku zuwa huɗu ba. Dalili? Kamfanonin hostin suna biyan la'ada mai tsoka, Bluehost ta daɗe tana bada dala 65 kan kowane mutum ɗaya da aka kawo mata. Wannan bai nuna kamfanin bashi da kyau ba, amma ya nuna maka dalilin da yasa babu mai ce maka ka fara gwadawa da shafin Facebook ko tashar YouTube kyauta tukuna kafin ka kashe dala.

Mataki na biyu: je ka karanta dokar kamfanin da idonka

Nan ne mutanenmu suka fi kasala, alhali nan ne aikin yake. Kowane tsarin afiliyet yana da shafin sharuɗɗa, Turanci ne mai tsawo mai gundura, amma shi ne alƙali, ba mai bidiyo ba. In Turancin yayi maka nauyi ka kwafa ka zuba a Google Translate, ko ka samu wanda zai karanta maka. Abu huɗu zaka nema: ana karɓar ƙasarka, ta wace hanya ake biya, nawa ne kason kuma yaushe ake bada shi, sannan me aka hana.

Ɗauki Amazon. Sabon dillali dole ya kawo ciniki 3 cikin kwana 180 na farko, in bai kawo ba a rufe akawun ɗin. Wanda ya danna link ɗinka awa 24 kawai gareka, in bai saka kayan a kwandon sayayyarsa na Amazon cikin wannan lokacin ba ka rasa la'adar. Kuɗin wata kuma sai kusan kwana 60 bayan watan ya ƙare ake biya. Sannan an hana ka saya ta link ɗinka da kanka, har da sa 'yan'uwa da abokai su saya don kawai ka cike ukun nan. Yanzu in wani yace maka "kayi rijista yau, ka tura wa 'yan gidanku su saya, sati mai zuwa ka ga alat", ka ga kenan a jimla ɗaya ya karya doka ya kuma yi ƙarya.

Maganar ƙasa ita ce ta fi cin 'yan Najeriya. Shekaru da dama Najeriya bata cikin jerin ƙasashen da ClickBank ke karɓa, PayPal kuma da ta buɗe mana ƙofa a 2014 ta daɗe akawun ɗin mutum na tura kuɗi ne kawai banda karɓa, shi yasa da yawa suka koma Payoneer. Daga nan ne wata kasuwar ta buɗe, ta masu koyar da "dabara": kunna VPN mai ɓoye ƙasar da kake, saka adireshin wata ƙasa, ari sunan wani. Dabarar tana aiki lafiya lau har ranar da kuɗi suka taru aka ce turo katin shaida da takardar da ke nuna inda kake zaune, daga nan sai labari ya sha bamban, a rufe akawun da kuɗin a ciki, shi kuwa wanda ya koya maka ya riga ya ci kuɗin kwas ɗinsa. Duk shawarar da ta fara da ka yi wa kamfani ƙarya, ajiye ta. In kana Nijar ko Ghana ko Kamaru ma kar ka ɗauka abin da ya shafi Najeriya shi ya shafe ka, jerin ƙasashen ya bambanta, duba naka a ranar da zaka yi rijista.

Mataki na uku: duba kwanan wata

Shawara tana tsufa da wuri a harkar nan. A Afrilun 2020 Amazon ta zaftare la'ada, kayan ɗaki daga kashi 8 suka koma kashi 3, kayan abinci daga kashi 5 zuwa kashi 1. Duk lissafin ribar da aka yi kafin lokacin ya tashi aiki. Haka Google, daga 2021 ta fara matsa wa shafukan da ke sharhin kayan da basu taɓa riƙewa ba, a 2022 da kuma Maris ɗin 2024 ta ƙara ɗaure igiyar, shafuka da yawa masu kwashe-kwashen rubutu suka ɓace daga sakamakon bincike. Wasu masu wayo shekara kawai suke canzawa a kanun rubutu su bar tsohon zance a ciki, don haka kar ka tsaya a kanu, kalli hotunan da ke ciki ko sun yi kama da yadda shafin kamfanin yake yau.

Mataki na huɗu: skirinshot ba hujja bane, ɗauko kalkuleta

Bari in nuna maka yadda abin yake da sauƙi. A kwamfuta, ka buɗe kowane shafi a Chrome, ka danna dama a kan wata lamba, ka zaɓi Inspect, sai wani akwati ya buɗe a gefe da rubutun shafin, ka goge dala 12 ka rubuta dala 12,000, ka danna Enter, shikenan shafin ya nuna 12,000 da irin rubutunsa da kalarsa, babu wanda zai gane a hoto. Minti ɗaya bai cika ba. Kana sabunta shafin lambar gaskiya take dawowa. Alat ɗin banki ma haka, mutum zai iya tura wa kansa kuɗi daga wani akawun nasa ya rubuta "commission" a bayanin. Saboda haka in har hujja kake so, ka nemi ya nuna a bidiyo kai tsaye yana sabunta shafin a gabanka. Mafi yawa a nan suke fara fushi.

Ko da lambar gaskiya ce ma, abin da ya shigo ake nuna maka, ba a nuna abin da ya fita. Mu yi lissafi na misali, lambobin nawa ne don ka ga hanyar. A ce kaya na naira 30,000 ne, la'ada rabi, wato 15,000. Mutum yace yana samun miliyan ɗaya a wata. Kenan ya sayar wa mutum 67. A ce cikin duk mutum 100 da suka shigo masa WhatsApp 2 ne ke saya, kenan sai ya tara mutum 3,350 a watan. In kowane mutum ɗaya ya ci masa naira 200 a tallan Facebook, ya kashe 670,000 kenan, abin da ya rage masa bai fi 335,000 ba, banda data, banda ranakun da talla ta cinye kuɗi ba ciniki. Kuɗi ne mai kyau, ban raina ba, amma ina miliyan ɗin? Kuma kai da ake cewa ka fara "ba jari", ina zaka samo 670,000 ɗin?

A Amazon lissafin ya fi ban tausayi: kayan dala 30 a kashi 3 bai kai dala ɗaya ba, senti 90 ne. Kafin ka ga dala 1,000 sai ka sayar da sama da guda 1,100. Sannan akwai maido da kaya, a ClickBank yawanci mai saye yana da kwana 60 ya ce a maido masa kuɗinsa, in ya karɓa a cire la'adarka. Mai koyarwar da bai taɓa ambaton kuɗin talla da maido da kaya ba, rabin labari yake baka.

Mataki na biyar: binciki mutumin kansa

Wannan aikin minti goma ne kuma kyauta. A shafinsa na Facebook akwai wurin da ake kira Page transparency, zai nuna maka ranar da aka buɗe shafin da sunayen da ya taɓa amsawa. Zaka sha mamaki, shafin da bara yake tallan maganin ƙiba ko kirifto yau ya zama makarantar afiliyet. A Meta Ad Library ka rubuta sunansa ka ga duk tallan da yake gudanarwa yanzu, in duka tallan na kwas ɗinsa ne babu na wani kaya ko ɗaya, to ka san inda abincinsa yake fitowa. In yana da gidan yanar gizo, saka adireshin a shafin WHOIS ka ga yaushe aka yi masa rijista, ka kuma leƙa Wayback Machine a archive.org ka ga yadda yake a shekarun baya. Wanda yace shekararsa 8 a harkar amma shafinsa watansa 4, sai ya yi bayani. Hotunan "ɗalibai da suka yi nasara" kuma ka jefa su a Google Lens, wani lokacin sai ka tarar da fuskar a shafukan wasu ƙasashe da wani sunan daban.

Rijistar CAC da suke ɗagawa a kyamara fa? Tana nuna an yi wa sunan kasuwanci rijista ne kawai, bata nuna gaskiyar mutum, kuma ba lasisin karɓar kuɗin jama'a don juyawa bace, wannan hurumin hukumar SEC ne mai kula da harkar zuba jari. Yabon da ke ƙasan bidiyo ma kar ka jingina da shi sosai, ana saye, ana kuma goge na masu ƙorafi, abin har ya kai FTC ta kafa doka a 2024 da ta haramta sharhin bogi, har da wanda aka sa AI ya rubuta. Gara ka rubuta sunan mutumin a Google ko X ka haɗa da kalmar "scam" ko "refund" ka karanta abin da masu ƙorafi ke cewa, in ƙorafin nasu iri ɗaya ne daga mutane daban-daban to akwai ƙamshin gaskiya.

Mataki na shida: wai me ake sayarwa ne?

A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi raba gardama. Ka ce masa: bayan na gama koyo, wane kaya zan tallata, wa zai saya, me zai amfane shi da shi? In amsar ita ce waya, takalmi, manhaja, littafin koyon ɗinki, kwas ɗin gyaran sola, to akwai kaya akwai mai buƙata. In kuwa amsar ita ce "wannan kwas ɗin da ka saya shi zaka sayar wa wasu a baka rabi", kuma su ma waɗancan abin da za'a koya musu kenan, to kuɗi ne kawai ke tashi daga aljihun sababbi zuwa na tsofaffi, ranar da sababbi suka ƙare a unguwarku da guruf ɗinku kasuwa ta watse.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. A 2018 FTC ta maka wani kamfani mai suna MOBE a kotu a Amurka, tana zarginsa da karɓe wa mutane sama da dala miliyan 125. Ana shiga ne da dala 49 don koyon wasu matakai 21, in ka shiga sai a dinga matsa maka ka sayi matakin gaba na dubban daloli, kuma sirrin da ake koyarwa a ƙarshe shi ne ka jawo wasu su sayi abin da ka saya. Kotu ta dakatar da shi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato a lulluɓe Ponzi, damfarar da ake biyan tsofaffi da kuɗin sababbi, da sunan afiliyet: zuba kuɗi, a baka riba kullum, ka kawo mutum a ƙara maka kaso. Mun ga MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, dukansu da garaɓasar kawo mutum suka yaɗu. Dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta tanadi tara mai nauyi da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga masu irin wannan harkar, don haka mai yaɗa link ɗin ma ba a tudun mun tsira yake ba. Sai kuma tallan caca da ke biyan la'ada mai yawa, wannan kam kafin ka tambayi mento ka fara tambayar malaminku.

Mataki na bakwai: in ka shiga ajin WhatsApp, zauna ka kalli tsarin

Kusan duk salonsu ɗaya. A tara ku a guruf, a kulle ba mai magana sai admin. Daren farko labarin talauci ne, yadda ya rasa kuɗin makaranta, yadda aka raina shi a dangi. Dare na biyu ruwan skirinshot da muryoyin ɗalibai. Dare na uku sai farashi: asalinsa 100,000 ne amma saboda ku 25,000, gurbi 10 ya rage, ƙarfe 12 na dare za'a rufe. Sai a buɗe guruf na ɗan lokaci ka ga wasu lambobi suna ta turo "na biya oga", kai kuma zuciyarka ta fara bugawa kar a barka a baya. Banza dai bata kai zomo kasuwa, ajin kyautan talla ne, kuma ba laifi bane mutum yayi tallan kwas ɗinsa, amma ka lura cikin dare ukun nan an koya maka wani abu guda da zaka iya gwadawa gobe ba tare da ka biya ba? In babu, na kuɗin ma da wuya ya bambanta.

Kar ka biya a daren. Bi shi ta gefe da tambayoyi cikin ladabi: ranka ya daɗe wane kaya kake tallatawa banda kwas ɗinka, nawa zan tanada na talla a watan farko, cikin ɗalibanka nawa ne basu sayar da komai ba, in ban gamsu ba ana maido kuɗi kuma a ina aka rubuta? Mai gaskiya zai amsa ko da amsar bata yi daɗi ba, zai ce maka da yawa basa sayar da komai a farkon, zai ce abin yana cin watanni. Wanda ya ce maka "matsalarka tunanin talauci" ko ya cire ka daga guruf, ya taimake ka. Bayan sati ka sake leƙawa, sau da yawa zaka tarar gurbi 10 ɗin nan har yanzu 10 ne.

Mataki na takwas: gwada da kaɗan

Shawarar da ta tsallake duk waɗannan ma ba wahayi bace, abin da yayi wa mai sayar wa Amurkawa aiki ba lallai yayi wa mai sayar wa mutanen Kano ko Maraɗi ba, inda mutum yake so ya ji muryarka ya kuma ga kayan kafin ya tura kuɗi. Ɗauki shawara ɗaya tak, kaya ɗaya wanda kai ma zaka iya saya ko ka ba ƙaninka, ka ware kuɗin da in sun tafi ba zaka shiga bashi ba. Samu littafi ka dinga rubuta mutum nawa suka danna, nawa suka yi magana, nawa suka saya, nawa ka kashe. Bayan wata ɗaya lambobinka zasu gaya maka abin da ya dace ka ci gaba da shi. Kuma da zarar la'adarka ta kai mafi ƙarancin abin da ake iya cirewa, cire ta, don ka tabbatar kuɗin suna isowa bankinka kafin ka ƙara zuba ƙarfi. Kar ka ba kowa BVN ko lambar OTP ko PIN da sunan zai buɗe maka akawun, rijistar da hannunka zaka yi ta a shafin kamfanin.

In kuma aikin gama ya gama, ka riga ka tura kuɗi ka gane damfara ce, kar ka goge komai don haushi. Ɗauki hoton hirarku, rasit ɗin tura kuɗin, lambar akawun da sunan da ya fito, da tallan da ya jawo ka. Kira bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi, don saurin kai rahoto ne ke sa a iya riƙe kuɗin kafin a kwashe, sannan ka kai ƙara EFCC, in kuma rigimar kaya ce da aka sayar maka ba yadda aka faɗa ba, FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ce mai wannan. Bayan haka za'a iya samun wasu su biyo ka inbox wai su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka damfara in ka biya kuɗin aiki, waɗannan ka toshe su kawai.